Macro mai shafa launi a gidajen Excel da babu komai: amsa ɗaya ga kowa

A ina ake rubuta macro ɗin?

Macro ɗan umarni ne da kake rubuta wa Excel don ya yi maka aiki da kansa. Danna Alt da F11, sai Insertion, sai Module. Shi ke nan.

Me zan rubuta?

Sub Fanko()
On Error Resume Next
Range("B2:F60").SpecialCells(xlCellTypeBlanks).Interior.Color = vbYellow
End Sub

Ka canza B2:F60 da naka wurin. Excel ɗinmu na nan Maradi galibi na Faransanci ne, amma kar ka fassara layukan nan don Allah, VBA, yaren da ake rubuta macro da shi, Turanci kawai yake ji. Layi na biyu shi ke hana kuskure 1004 in babu gida fanko ko ɗaya.

Na rufe na buɗe, macro ya ɓace.

A xlsx ka ajiye, kuma Excel ya gargaɗe ka, ka danna Oui ba ka karanta ba. Ajiye a xlsm, irin fishiyen da ke riƙe macro.

Yana aiki a waya?

A'a.

Ga gida ina gani da idona babu komai, amma ya ƙi yin rawaya. Me ya sa?

To nan ne aikin yake, kuma ba zan rantse a kan dalili ɗaya ba sai na ga fishiyen. Mafi yawa dai wani ne ya goge abu da dogon maɓallin nan na tazara maimakon Suppr, sai tazara ta zauna ciki, kai ba ka ganinta amma Excel ya ɗauka gida ya cika. Ko kuma akwai formul mai mayar da "" kamar wanda mushe ke sawa a takardar makin yara don kar sifili ya fito wa wanda bai yi jarrabawa ba, shi ma SpecialCells tsallake shi yake. Danna gidan ka dubi sandar formul a sama, ko ka gwada =NBCAR(B7) mai ƙirga haruffan gida (ka sa naka gidan a wurin B7), in ya ba ka 1 akwai abin da ya ɓuya. Maganin da ya fi SpecialCells shi ne macro ya bi gida gida da For Each yana tambayar Len(Trim(c.Text)) = 0, sai dai in layukan sun yi dubbai zai ɗan yi nauyi a tsohuwar kwamfuta, kuma in daga intanet aka kwaso jerin wani lokaci akwai wata tazara ta daban, Chr(160), wadda Trim ba ya cirewa, sai ka haɗa da Replace. Kar hankalinka ya tashi, lissafinka bai lalace ba.

Ctrl Z ya ƙi maido min da launina na da.

Ba ya janye aikin macro. Kwafin fishiyen ake yi tukuna kafin a kunna macro, haba malam.

Na cike gidan amma rawayar na nan.

Macro fenti ya shafa ya tafi abinsa. In kana so launi ya gushe da kansa da zarar ka sa kuɗin buhun wake, ka bar macro, ka shiga Mise en forme conditionnelle ka sa =ESTVIDE(B2). Rabin masu tambayata wannan suke nema tun farko.