Mene ne yaƙi da ciyawa ta hanyar maƙiyinta?

Idan masana noma suka ce a yaƙi ciyawa da halittu, abin da suke nufi shi ne a nemo ƙwaro ko cutar da ke cin ciyawar a ƙasarta ta asali, a sake shi a inda ta addabi jama'a, maimakon feshin magani. Ciyawar da ta baƙunci wata ƙasa ta baro masu cin ta a gida, shi ya sa take bunƙasa yadda ta ga dama.

A duba kainuwar nan mai furen shunayya da ke toshe Kogin Neja, wadda asalinta yankin Amazon ne a Kudancin Amurka. A ruwa mai ƙazanta, cikin kusan mako biyu take ninka kanta. A shekarun 1990 ta rufe gaɓar Tafkin Victoria da ke Gabashin Afirka har jiragen masunta suka kasa fita. A 1995 Uganda ta saki wasu ƙananan ƙwari masu dogon baki a tafkin, ana kiran su Neochetina, bayan an gwada an tabbatar ba sa taɓa amfanin gona. Babban ƙwaron yana gaigayar ganye, tsutsarsa kuwa ta huda kara ta yi ta ci daga ciki, ruwa ya shiga, karan ya ruɓe.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ƙwaro da wuya ya gama aikin shi kaɗai. Raunana ciyawar yake yi, sai tsirran da ta danne su samu sarari. A Victoria wata doguwar ciyawar ruwa ce ta tsiro a kan kainuwar da ta galabaita, ta tare mata rana. Igiyar ruwa da ambaliyar 1997 zuwa 1998 ma sun taimaka, kuma kafin 2000 ta ragu ƙwarai.

Wannan ne ya sa nake jin takaici idan aka saki ƙwari aka koma gida ana jiran abin al'ajabi. Matuƙar taki da ruwan kwata na kwarara cikin kogi, kainuwa za ta fitar da sabon ganye fiye da wanda ake ci. Hanyar tana ɗaukar shekaru, kuma ba ta ƙarar da ciyawar; tana dai rage ta har kwale-kwale ya samu hanyar wucewa.