Me ya sa littattafan matasa suka cika maganar mutuwa?

Wane irin littafi ake nufi?

Ƙagaggun labarai ne da ake rubutawa don 'yan shekara 12 zuwa 18, ko da yake manya ma suna karantawa. Sau da yawa matashin ne ke ba da labarin da bakinsa, kuma da rashi ake farawa: uwa ta rasu, ko ƙani, ko haɗarin mota ya kwashe gida gaba ɗaya. A wasu littattafan ma akan ba jarumin zaɓi tsakanin rayuwa da mutuwa.

Ai rai ba a hannun mutum yake ba. To wane zaɓi ake magana?

Dabarar labari ce kawai. A littafin If I Stay na Gayle Forman, wanda ya fito a 2009, wata makaɗiya 'yar shekara 17 tana kwance cikin doguwar suma bayan haɗari ya kashe iyayenta, ƙaninta ma ya bi su. Tana ganin masu shiga da fita ɗakin asibiti, tana jin abin da suke faɗa, an bar mata ta zauna ko ta tafi. Kakanta ya zauna gefen gado yana kuka, ya ce yana so ta rayu, amma in tafiya ta zaɓa ba zai ga laifinta ba. Ba darasin aƙida marubuciyar ke bayarwa ba. Tambayar da take yi ita ce wadda duk maraya ya sani: in na farka gobe babu su, da me zan ci gaba?

Irin wannan karatu ba zai jefa yaro cikin damuwa ba?

Ya danganta da yadda aka rubuta. Labarin rashi daban, labarin da ke ƙawata kashe kai daban. An daɗe da sanin haɗarin na biyun, har masana suka sa wa kwaikwayon kashe kai sunan Werther, jarumin da ya kashe kansa a littafin da marubuci Goethe na Jamus ya fitar a 1774. Netflix ta fara nuna shirin 13 Reasons Why, kan wata matashiya da ta kashe kanta, a 2017, amma a 2019 ta yanke wurin da aka nuna ƙarara yadda matashiyar ta kashe kanta, bayan gargaɗin likitoci. Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa kashe kai cikin manyan abubuwan da ke ajalin 'yan shekara 15 zuwa 29, don haka ba tsoron banza ba ne. A ɗaya ɓangaren, masu bincike a Austriya sun gano a 2010 cewa rahotannin jarida kan mutanen da suka shiga ƙunci suka fita da ransu suna tafiya da raguwar kashe kai.

Yaya ake gane mai kyau?

A ganina, ta wurin yadda yake nuna baƙin ciki. Raunanan marubuta kan bi matakan baƙin ciki biyar ɗin da likita Elisabeth Kübler-Ross ta kawo a 1969 ɗaya bayan ɗaya, alhali a kan masu jinyar ajali ta fara tsara su. Gwani kuwa zai nuna yarinya tana buga lambar mahaifiyarta don ta ji muryar da ta bari a saƙon waya, ko yaro ya yi dariya sati guda bayan rasuwa sannan ya tsani kansa. Kuma ba ya mantawa cewa uban da ya rage shi ma yana cikin rashi, ga shiru ya mamaye gida, kowa na ɓoye hawayensa don kada ya karya zuciyar wani.

Me ya kamata iyaye su yi?

Su karanta littafin su ma, su tambayi yaron wa ya fi tausaya wa a ciki. Yaron da ba zai iya cewa "ina kewar Mama" ba kan iya yin awa yana maganar jarumar labari. In kuwa ya fara cewa gara ya mutu, ko yana rabar da kayan da yake ƙauna, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin. Daga nan a kai shi wurin likita ba tare da jinkiri ba.