Olivier Messiaen

Olivier Messiaen (1908–1992) Bafaranshe ne mai tsara kiɗa kuma malami, ɗaya daga cikin waɗanda suka sauya alƙiblar kiɗan gargajiyar Turai a ƙarni na 20. An haife shi a Avignon ranar 10 ga Disamba, 1908. Mahaifinsa, Pierre Messiaen, malamin Ingilishi ne da ya fassara wasannin Shakespeare zuwa Faransanci, mahaifiyarsa Cécile Sauvage kuwa marubuciyar waƙoƙi ce.

A 1919 ya shiga Makarantar Koyon Kiɗa ta Paris, inda ya yi karatu a wurin Paul Dukas da Marcel Dupré. A 1931 aka naɗa shi makaɗin ogan (babban kayan kiɗan coci da ake dannawa kamar piyano) na cocin Sainte-Trinité da ke Paris, kuma ya riƙe wannan aiki sama da shekara 60, har ƙarshen rayuwarsa. Ɗan ɗariƙar Katolika ne mai riƙo da addini, kuma akasarin ayyukansa daga nan suka samo tushe.

A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Jamus sun kama shi a 1940, suka tsare shi a sansanin fursunonin yaƙi na Stalag VIII-A da ke Görlitz. A can akwai makaɗa uku cikin fursunoni, mai busa kilarinet da mai goga biyolin da mai goga chelo, sai ya tsara musu Quatuor pour la fin du temps (wato kiɗan mutum huɗu na ƙarshen zamani), shi kuma ya ɗauki piyano. Kayan kiɗan da suka samu a sansanin su suka yanke masa fasalin aikin. An fara kaɗa shi ranar 15 ga Janairu, 1941, cikin tsananin sanyi, a gaban fursunoni da masu gadinsu. Kashi takwas ne, jigonsa kuma daga littafin Ru'ya ta Yohanna na cikin Littafi Mai Tsarki.

Abin da ya fi bambanta shi da tsararrakinsa shi ne kukan tsuntsaye. Yakan fita daji da asuba, da fensir da takarda, yana rubuta abin da ya ji da alamomin kiɗa. Da yake tsuntsu ya fi hannun ɗan Adam sauri, muryarsa kuma ta fi siriri, sai Messiaen ya riƙa rage saurin yana saukar da muryar yadda piyano zai iya ɗauka. Daga wannan aiki aka samu Catalogue d'oiseaux (1956–1958), kiɗa 13 na piyano, kowanne da sunan tsuntsu guda, haɗe da kukan sauran tsuntsayen da ke zaune a muhallinsa. Ya kuma nazarci tsarin bugu na tsohon kiɗan Indiya, yana kuma cewa idan ya ji haɗin sauti yakan ga launuka a zuciyarsa. Cikin manyan ayyukansa akwai Turangalîla-Symphonie, wanda Leonard Bernstein ya jagoranci fara kaɗa shi a Boston ta Amurka a 1949, da wasan opera (wasan kwaikwayo da ake rerawa da waƙa) guda ɗaya tak da ya rubuta, Saint François d'Assise (1983).

Bayan an sake shi daga sansanin fursunonin a 1941 ya fara koyarwa a makarantar da ya yi karatu, amma sai a 1966 aka ba shi kujerar farfesan tsara kiɗa, ya yi ritaya a 1978. A ajinsa yakan zauna a gaban piyano yana warware ayyukan magabata kamar Mozart da Debussy da Stravinsky dalla-dalla. Masu tsara kiɗa Pierre Boulez da Karlheinz Stockhausen da George Benjamin duk sun zauna a gabansa, kuma abin lura shi ne babu wanda ya fito da irin salon malaminsa. Da Iannis Xenakis, Bagirke mai ilimin lissafi da zanen gine-gine, ya nemi shawara ko ya koma ya koyi ƙa'idojin kiɗa tun daga tushe, Messiaen ya hana shi, ya ce ya gina kiɗansa a kan ilimin da yake da shi.

Ya rasu ranar 27 ga Afrilu, 1992, a Clichy, kusa da Paris. Matarsa ta biyu, Yvonne Loriod, makaɗiyar piyano kuma tsohuwar ɗalibarsa, ita ce ta tattara babban littafinsa kan bugu da launi da tsuntsaye, aka buga shi a juzu'i bakwai daga 1994 zuwa 2002.