Me Ya Haɗa Tsufa da Gubar Ruwa?

Ɗan ƙanwata da ke karatun kimiyyar halittu a Jami'ar Jihar Gombe ya raka ni sayen kifi a Dadin Kowa. A hanya ya ce an sa su karanta ayyukan masanan da ke nazarin tsufa tare da gubar teku, shi kuwa bai ga abin da ya haɗa kifi da kaska ba. Ga tambayoyinsa da abin da na amsa masa.

Kawu, ina alaƙar take?

Tana cikin ƙwayar halitta. A 1956 wani masani ɗan Amurka, Denham Harman, ya ce duk sa'ad da jiki ya ƙona abinci da iskar oksijin, akan samu wasu ɓurɓushi masu cin jiki sannu a hankali, kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi. A 1972 ya ƙara da cewa matattarar wannan ɓarna ita ce mitokondiriya, wato murhun ƙwayar halitta. To, zaiba da dalma da magungunan ƙwari suna haddasa irin wannan ɓarna a hantar kifi, sai dai su cikin gaggawa. Shi ya sa mai auna guba a jikin kifi da mai auna tsufa sukan ɗauki ma'auni ɗaya.

Me ya sa sai halittun teku?

Domin a can dattawan suke. A 2006 masu bincike na Jami'ar Bangor suka tsamo wata kumbar teku, dangin makankarin rafi, kusa da Aisland. Da aka ƙirga zoben da ke ɓawonta, aka tarar shekarunta 507. Ke nan ta riga Buba Yero na Gombe karɓar tutar Shehu da shekara ɗari uku! Bincike ya nuna jikin irin wannan kumba ya fi na danginta masu gajeren kwana jure waccan tsatsa. A 2016 kuma Julius Nielsen da abokan aikinsa suka gano kifin shak na Girinland yana kai shekara 272 aƙalla.

Ke nan maganar Harman ta tabbata?

Rabi da rabi. Akwai wani ɓeran ƙarƙashin ƙasa marar gashi a gabashin Afirka da jikinsa ke cike da alamun wannan ɓarna, amma yana haura shekara 30. Sannan a 1994 wani gwaji a Finland ya nuna mashaya sigari da aka bai wa ƙwayar beta-karotin, mai kashe waɗancan ɓurɓushi, sun fi kamuwa da kansar huhu. Wannan nake so masu sayen "maganin hana tsufa" a tasha da Facebook su ji. Duk da haka ina ganin girman Harman: ya rasu a 2014 yana da shekara 98, kuma har masu ƙaryata shi a kan tambayarsa suka gina nasu binciken.

Mu da ba mu da teku fa?

Nan ne maganar ta fi ci mini rai. A shekarar 1956 ɗin nan aka gano cutar Minamata a Japan. A lokacin kamfanin Chisso yana zubar da zaiba a gaɓar teku, ƙananan kifaye suka ɗauka, manya suka cinye su, mutane suka ci manyan. Kyanwoyi suka fara tangaɗi, daga baya masunta, har aka riƙa haifar jarirai da lalatacciyar ƙwaƙwalwa. Guba ba ta tambayar ruwan gishiri ne ko na daɗi. Kogin Gongola da ke cika madatsar Dadin Kowa yana kwasar abin da damina ta wanko daga gonaki. Maganin ƙwarin nan Gamalin da wasu ɓata-gari ke zubawa a rafuka don kama kifi, sinadarinsa na cikin waɗanda yarjejeniyar duniya ta Stockholm kan sinadarai masu guba ta haramta a 2009. Ga kuma masu haƙar zinariya da ke wanke ta da zaiba. Ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a 2010.

Soya kifi ko banda ba ya kashe gubar?

A'a. Zaiba a tsoka take maƙalewa, wuta ba ta fitar da ita. Kifin da ke cin kifi, irin giwan ruwa, ya fi tara ta a kan karfasa mai cin ciyayi. Na ce masa idan lokacin zaɓen aikin kammala digiri ya yi, ya roƙi malaminsa a auna hantar tarwaɗar Dadin Kowa, rani da damina.