Danne-dannen waya da mutuwar jiki

Akwai ƙorafin da muke yawan ji a wurin aiki: "Ba na ciwo, amma jikina a mace yake." Mutum ya tashi da safe a gajiye, abin da a da ke faranta masa rai yanzu bai dame shi ba, hira da iyali ma nauyi take masa. Da mun tambaye shi ƙarfe nawa ya ajiye waya daren jiya, sai ya yi murmushi ya sunkuyar da kai.

Barci ne abin da waya ke fara ci. Idan duhu ya yi, ƙwaƙwalwa takan saki sinadarin melatonin, mai shaida wa jiki cewa lokacin kwanciya ya yi. Hasken allo dab da ido yana jinkirta fitowarsa, abin da ake kallo kuma ya hana zuciya natsuwa. Babba na buƙatar barcin awa 7 ko fiye, matashi awa 8 zuwa 10. Wanda bai kwanta sai biyun dare, ga aiki na jiransa da sassafe, bashin barci yake ci kullum, kuma daɗewa cikin rashin barci na cikin abubuwan da ke buɗe wa ciwon damuwa ƙofa.

Sai batun dofamin, sinadarin da ke sa mutum ɗokin abu tun kafin ya same shi. Tun shekarun 1950 masanin halayya ɗan Amurka, B.F. Skinner, ya nuna da tantabaru cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba shi ya fi sa naci. Haka shafukan sada zumunta suke: ka ja yatsa, ba komai, ka sake ja, sai ga abin dariya. Shafin kuma ba ya ƙarewa, tsarin da wani mai tsara manhajoji, Aza Raskin, ya ƙirƙira a 2006, daga baya shi kansa ya nuna nadama. Masana da dama na ganin ƙwaƙwalwar da ta saba da wannan jin daɗi mai sauri takan raina mai zuwa a hankali, irin na karatu, aiki, ko zama da mata ko miji. Ga zama wuri guda ba motsi, ga kallon rayuwar wasu da aka tace aka kuma ƙawata, mutum na auna tasa da ita.

A 2018 Jami'ar Pennsylvania ta sa wasu ɗalibai taƙaita Facebook, Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana. Cikin mako uku kaɗaici da damuwarsu suka ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sanya jarabar wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka.

Amma kada a ɗora wa waya laifin komai. Sau da yawa damuwar ce ta riga zuwa, mai ita ya fake a waya don ya huta da tunani. Ƙwace wa irin wannan waya da faɗa ba ya warkar da shi, sai dai ya ƙara rufe masa baki. Ƙarancin jini da matsalar tayirod (wata halitta a gaban wuya mai daidaita kuzarin jiki) ma kan kawo irin wannan kasala, gwajin jini ne ke raba gardama.

A fara da dare: a ajiye waya awa guda kafin kwanciya, a yi mata caji nesa da gado, a kashe ƙarar saƙonnin da ba na dole ba. Da safe a fita cikin hasken rana a taka ƙasa. Idan baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya kai mako biyu, a je asibiti. Wanda kuwa tunanin kashe kansa ya fara zo masa, kada a jira gobe, a kai shi ga likita a ranar.