Waiwaye: Yadda kuɗin buga bincike ya koma wuyan mai rubutu

Tun da Naira ta faɗi a 2023 malaman jami'a ke kokawa kan kuɗin buga takardun bincike, kamar jiya abin ya faro. Dala dai tsohon miki ta tarar ta fama.

Farkon labarin sananne ne. A da, mujallun kimiyya sai ɗakin karatun da ya biya kuɗin shekara ke samunsu, namu kuwa tun shekarun 1980 suka fara gazawa. Da intanet ta zo, aka yi sanarwar Budafes a Fabrairun 2002 da ta Balin a 2003, cewa a bar kowa ya karanta kyauta. A 2021 ƙasashen UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka amince da shawarar buɗe kimiyya ga kowa.

Abin da ba a cika tunawa ba, a 2002 ɗin nan ya faru. Mujalla ko ta intanet ce tana da ɗawainiya, akwai masu gyara, akwai masu tsara shafi. Da aka sauke wa mai karatu kayan, sai aka aza wa mai rubutu. An fara da dala 500 kan takarda guda, shekara na zagayowa wasu suka ce 1,500, yau dubu biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. A Turai da Amurka galibi mai tallafa wa binciken ke biya, shi ya sa aka wuce wurin ba wata gardama. A nan daga albashi za a cire. Akwai yafiya, amma an fi ware ta ga ƙasashen da aka lissafa mafi talauci. Najeriya ba ta cikin sahun, sau da yawa ragi kawai ake mata.

Ƙanena malamin aikin gona ne. Damina biyu ya yi a kan babur tsakanin Gumel da Maigatari yana ƙirga wuta-wuta a gonakin gero. Manoma suka ajiye fartanya, suka zauna gindin darbejiya suna amsa tambayoyinsa. Wani dattijo har ya ja shi ya nuna masa kunyoyin da ya gauraya gero da wake, inda ciyawar ta yi sauƙi. Mujalla ta karɓi takardar, sai ga lissafin da ya haura albashinsa na wata goma. Abokan aiki suka ce ya nemo Bature mai tallafi ya sa sunansa a gaba, ko ya kai ta mujallar gida irin waɗanda AJOL, dandalin mujallun binciken Afirka, ke tattarawa tun 1998, sai dai can ba kowa ke leƙawa ba. Takardar tana nan cikin kwamfutarsa.

Ranar wata Alhamis suka haɗu da dattijon a kasuwar Maigatari. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam, ina labarin rubutun namu?" Ƙanena ya ce ana kai, Baba. Bai gaya masa cewa ko ta fito da Turanci za ta fito ba.