Waiwaye: Da me ake auna ilimin ɗalibin jami'a a Najeriya?

Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, digirin Jami'ar Landan take bayarwa, don haka daga can ake sa ido kan jarrabawa. Nan aka gaji al'adar gayyato malami daga wata jami'a don duba tambayoyi da takardun 'yan ajin ƙarshe, kuma har gobe ana yi.

Hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta samu a 1962 a matsayin mai ba da shawara kawai. Dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ce ta ba ta ikon gindaya mafi ƙarancin ma'auni da tantance kwasa-kwasai. A 1989 ta fitar da kundin mafi ƙarancin ma'aunin karatu, MAS, na fannoni 13, ta fara zagayen tantancewa a 1990.

To, me ake dubawa? Galibi kayan aiki: malamai nawa ne, masu digirin digirgir nawa, littattafan laburare, ɗakunan gwaje-gwaje, kujeru. Duk wanda ya zauna a jami'a ya san abin da ke faruwa in an ce masu tantancewa na tafe. A shafe bango da fenti, a cika kantoci da littattafai, wani wurin ma har aron na'urori da malamai ake yi daga maƙwabta, baƙi na juya baya a mayar wa mai kaya kayansa. Sashe ya samu cikakkiyar amincewa, amma ba wanda ya tsayar da ɗalibi ya ce: taɓa na'urar nan mu gani. Shi kuwa ɗalibi, makin tes da na jarrabawa ne ke haɗa masa sakamako, kuma haddar handawut kan wadatar.

Kundin BMAS na 2007, wanda ya maye gurbin MAS, ya fara zayyana ƙwarewar da ake so mai digiri ya fita da ita. A Disambar 2022 aka ƙaddamar da sabon kundi, CCMAS, mai fannoni 17, inda NUC ta tsara kashi 70 na manhaja ta bar wa jami'o'i kashi 30. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta soki tsarin, tana ganin an shiga hurumin majalisun jami'o'i.

Injiniyoyi ne suka fi nisa. Majalisarsu, COREN, ta zama cikakkiyar mamba a 2023 a Washington Accord, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan tantance digirin injiniya, wadda ke buƙatar sashe ya kawo hujjar cewa ɗalibansa sun iya abin da aka ce za su iya. A ajin da malami ɗaya ke fama da ɗaruruwan takardu, tara irin wannan hujja ba ƙaramin aiki ba ne.